Wane failot ya dace da tsohuwar Peugeot 504: bushin tagulla ko boris?

Baban Amira, Tudun Wada:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayenmu kanikawa da sauran masana da ke wannan zaure. Ina da Peugeot 504 akori-kura mai shan fetur, haɗin Kaduna, wadda nake jigilar rake da ita daga Maƙarfi zuwa Zariya, da kayan gwari idan kakarsu ta zo. A 'yan makonnin nan, duk lokacin da na take kulochi har ƙasa sai in ji wani siririn kuka yana fitowa daga tsakanin injin da giyabos, ya fi tsanani da sanyin safiya, kuma giya ɗaya da ribas sun fara gardamar shiga idan motar tana tsaye, sai haƙora sun yi ƙara tukuna. Idan injin a kashe yake, kowace giya tana shiga lafiya lau. Bakaniken da ke duba mini ita ya ce za a raba injin da giyabos a sa sabon faifan kulochi da rilis boris, wato boris ɗin da ke tura kulochi ya saki idan an taka, ya kuma ce in haɗo da failot, ɗan abin nan da ke zaune a ramin bayan karanshaf, babbar sandar da ke juyawa a cikin injin. Da na je Sabon Gari sai aka ajiye mini iri biyu a kan kanta: bushin tagulla, da wani ƙaramin boris mai siraran allurai a ciki, aka ce shi ne na zamani. Ban sayi ko ɗaya ba, na ce sai na ji ta bakinku. Wanne ne ya dace da mota mai shekaru irin wannan?

Oga Lawal, Kwangila:
Wa alaikumus salam, Baban Amira. Kafin a kai ga saye, a tabbatar da inda kukan yake, domin abubuwa uku ne suke kuka a wannan wuri kuma ana yawan rikita su. Ka tayar da mota ka bar ta a firi, ƙafarka ba ta kan kulochi. Idan kana jin gurnani a haka, kuma ya ɗauke da zarar ka take, to boris ɗin sandar giya ne, wato sandar da ke ɗauko juyin injin zuwa cikin giyabos. Idan shiru ne, sai ka ɗora ƙafa a hankali. Kukan da ya fara tun kulochi bai yi nisa ba, daidai inda ka ji nauyinsa ya soma, na rilis boris ne. Wanda kuwa ba ya fitowa sai ka kai ƙasa, musamman idan ka sa giya mota na tsaye, wannan shi ne failot. Bayanin da ka yi ya fi karkata ga na ukun, kuma gardamar giya ɗaya da ribas ta ƙara nuna haka, saboda failot da ya bushe yakan kama hancin sandar giya ya ci gaba da juya ta ko da faifan kulochi ya saki. Amma idan kulochin motarka na mai ne, a fara duba famfon sama da na ƙasa a fitar da iska, domin su ma suna hana kulochi saki sosai, sai dai su ba su kuka.

Injiniya Sa'idu, Samaru:
Oga Lawal ya faɗi gaskiya, zan ƙara bayanin aikin abin ne kawai domin zaɓin ya zo da sauƙi. A mota mai tura ta baya irin 504, sandar da ta fito daga giyabos ta ratsa faifan kulochi doguwa ce, boris ɗaya ne ke riƙe da ita a bakin giyabos, saboda haka dole ne hancinta ya sami madogara a gaba. Failot shi ne wannan madogara. Muddin ƙafarka ba ta kan kulochi kuma kana tafiya, karanshaf da sandar giya suna juyawa da gudu ɗaya, failot yana hutawa. Aikinsa na gaske yana farawa ne idan ka take kulochi, injin na juyawa sandar kuma ta rage gudu ko ta tsaya cak. Idan ya cinye, hancin sandar yana lilo, faifan kulochi yana fita daga tsakiya, nauyin kuma yana komawa kan boris da oyil sil, robar da ke tare mai, na bakin giyabos, daga nan ne ake fara ganin man giya yana jiƙa faifai. Abu ne mai araha ƙwarai, amma ba a kai hannu gare shi sai an raba injin da giyabos, shi ya sa kuskure a kansa yake da tsada.

Musbahu, Muciya:
Da izinin manya, ni shawarata ya sa boris mai allurai. Abin da ke mirginawa ya fi abin da ke guga sauƙin juyi, wannan ba ya buƙatar gardama. Boris yana riƙe sandar a tsakiya ba tare da wasa ba, giya tana shiga da taushi, kuma motoci da yawa da aka ƙera daga baya da shi suke zuwa daga kamfani. Ko Volkswagen kunkuru, duk da tsufanta, boris mai allurai ne a cikin babban notin da ke ɗaure filawil ɗinta, wato babban faifan ƙarfen da ke bayan injin. Na sa wa motoci a garejinmu, masu su ba su dawo da ƙorafi ba. Ban ga dalilin da zai sa a ci gaba da riƙe tagulla ba alhali ga abin da ya fi ta.

Baba Tanimu, Ƙofar Doka:
Musbahu, Allah ya yi maka albarka, maganarka tana da ƙamshin gaskiya a sabuwar mota, amma ba sabuwar mota ake tambaya a kai ba. An fara fitar da 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, ya kuma ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da barin ta. Tun muna yaran gareji muke buɗe injinanta masu shan fetur, abin da muke tararwa a bayan karanshaf bushin tagulla ne, kuma ba don kamfanin bai san boris ba ya sa shi.

Ka lura da abu guda. Boris mai allurai ba shi da zobe na ciki, allurai suna gudu ne kai tsaye a jikin hancin sandar giya. Wannan yana nufin sai hancin ya kasance mai tauri, mai sulɓi, a miƙe, kuma a tsakiya sosai. Sandar da ta yi shekara talatin ko arba'in tana aiki, ta sha lodin rake da ramukan hanya, da wuya ka same ta haka. Za ka ga zane a jikinta, ko ta ɗan rame a tsakiya, ko zafi ya canza mata launi. Ka ɗora allurai a kan wannan, ba za su daɗe ba za su fara tsalle, giris ɗinsu ya bushe da zafi da ƙurar faifai, su farfashe. Kuma idan sun farfashe ba su tafiya su kaɗai, sai sun ci hancin sandar, wani lokaci har su lalata ramin karanshaf. Ita kuwa tagulla ta fi ƙarfen sandar taushi, ita ce ke cinyewa ta bar sandar, tana jure 'yar karkata, kuma tana yin kuka tun da wuri ta ba mai mota lokacin shiri, kamar yadda take yi wa Baban Amira yanzu. Sauya bushi aikin yini ne, neman sandar giya mai kyau ta 504 a yau kuwa sai an zaga Panteka ko Ƙofar Ruwa.

Musbahu, Muciya:
Baba, na ji bayaninku kuma na amfana. Sai dai ina da tambaya: bushin da ake sayarwa yanzu ba su kai na da ba, na ga wanda aka sa bai rufe shekara ba ya zama gari. Idan haka ne, ashe ba gara boris na kamfani mai suna ba a kan bushi marar asali?

Injiniya Sa'idu, Samaru:
Tambayar Musbahu tana da muhimmanci, domin a nan ne mutane da yawa suke yanke wa tagulla hukuncin laifin da ba nata ba. Bushin failot na gaskiya ba narkakken ƙarfe ba ne da aka feƙe. Garin jan ƙarfe ne kusan kashi 90 cikin 100 da kuza kusan kashi 10, ake matse su a gasa har su haɗe ba tare da sun narke gaba ɗaya ba, sai jikin ya kasance cike da ƙananan ƙofofi kamar soso, a ɗura masa mai. Man da yake riƙewa yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na girmansa. Idan sanda ta juya ya ɗumama, man yana tsatsowa ya shafe ta, idan ya huce ya koma ciki. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fito da wannan fasaha a 1930 da sunan Oilite, saboda haka ba sabon abu ba ne kuma ba abin raini ba ne.

Abin da ya cika kasuwa iri biyu ne marasa kyau. Akwai wanda aka cakuɗa da garin baƙin ƙarfe mai yawa domin rage kuɗi, aka ba shi launin tagulla. Wannan yana da kaushi, yana goge sandar. Akwai kuma wanda aka feƙe daga guntun tagullar famfo ko makamancinta, ba shi da ƙofa ko ɗaya, ba ya riƙe mai, da zarar ɗan abin da aka shafa masa ya ƙone sai kuka ya dawo. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin waɗannan ne Musbahu ya gani. Maganin bushi marar kyau shi ne bushi mai kyau, ba canza tsarin da aka gina injin a kai ba.

Alhaji Mai Sifiya, Sabon Gari:
A matsayina na mai sayar da kaya, zan faɗa wa Baban Amira yadda zai gane da hannunsa a gaban kanta. Ya zo da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ya wadatar. Idan ya kara shi a jikin bushin ya manne da ƙarfi, ya ajiye shi, baƙin ƙarfe ya yi yawa a ciki. Na biyu, ya duba fatarsa a cikin haske: na gaskiya ba ya walƙiya sosai, yana da ɗan duhu da ƙananan ɗigo-ɗigo, kuma idan ya kwana a takarda ko kwali za ka ga tabon mai a wurin. Wanda ke sheƙi, ga layukan feƙa a jikinsa, a bushe ƙarau, wannan daga injin juyi ya fito.

Amma abin da na fi roƙon masu mota shi ne kada su zo da sunan mota kawai. Motocin da suka kai wannan shekaru kaɗan ne ba a taɓa canza musu injin ko giyabos ba. Mutum zai ce 504 ce, alhali giyabos ɗin na 505 ne, ko injin ɗin wani ne aka ɗora. A zo da tsohon failot idan ya fita da siffarsa, a kuma auno abu uku da ma'aunin milimita: faɗin ramin karanshaf, zurfinsa, da kaurin hancin sandar giya. Da waɗannan ne ake sayen kaya, ba da ido ba.

Malam Hamisu, Wusasa:
Ina bin muhawarar nan da kyau domin ta shafe ni. Tawa Toyota Hilux ce tsohuwa mai injin 22R. Shin ni ma in nemi bushin tagulla idan lokacin kulochi ya yi?

Oga Lawal, Kwangila:
A'a, Malam Hamisu, kada ka ɗauki hukuncin 504 ka ɗora wa Hilux. Injin 22R da boris mai ƙwallaye yake zuwa, rufaffe, kuma ramin karanshaf ɗinsa an yi shi ne domin wannan. Boris mai ƙwallaye yana da zobensa na ciki, saboda haka ba ya gudu a jikin sandar yadda mai allurai yake yi. Ka mayar da irin wanda ka tarar, ka karanta lambar da ke jikinsa. Lambobin nan ma'auni ne na duniya: 6201 yana da rami milimita 12, faɗi 32, kauri 10, 6202 kuma 15 da 35 da 11, 6203 yana da 17 da 40 da 12. Haruffan da ke bin lambar su ma suna da magana. ZZ marfin ƙarfe ne a gefe biyu, yana tare manyan datti amma ƙura mai laushi tana ratsawa; 2RS marfin roba ne, wanda NSK ke rubuta shi DDU, NTN kuma LLU. A ƙasarmu, da ƙurar hunturu da ƙurar faifan kulochi kansa, mai roba na fi so. Sai dai a kula, lamba ɗaya ce ke jikin boris ɗin fanka da na injin markaɗe, ba duka ne giris ɗinsu ke jure zafin bayan injin ba, kuma jabun manyan kamfanonin nan sun yi yawa. A saya a wurin wanda aka yarda da amanarsa.

Malam Hamisu, Wusasa:
Na gode, Oga. Akwai wani abu da ya faru da maƙwabcina da nake ganin ya dace a ambata. Ya sayi injin ɗan Beljiyam aka ɗora masa, ba a yi wata biyu ba giyabos ya fara gurnani, mai yana zuba ta ƙasan kulochi. Da aka buɗe sai aka ga ramin karanshaf fayau, babu failot ko kaɗan.

Baba Tanimu, Ƙofar Doka:
Wannan ya faru da mutane da dama, Malam Hamisu. Injin da aka ciro daga mota mai giya otomatik ba ya zuwa da failot, domin ba shi da sandar da za ta shiga nan. A wasu ma za ka tarar da wani zobe na daban a ramin wanda sai an cire shi kafin failot ya zauna. Yaro ya ɗaure filawil, ya ɗaure kulochi, ya tura giyabos, komai ya shiga da sauƙi, mota ta tashi, ba wanda ya san hancin sandar yana rataye a iska. Duk wanda zai ɗora injin na hannu ya tsaya da kansa ya leƙa ramin nan da tocila kafin a rufe.

Maman Sadiq, Gyallesu:
Salamu alaikum. Ni Golf 3 nake hawa, an canza mini kulochi bara amma ba a ambaci failot ba. Ko an manta ne?

Injiniya Sa'idu, Samaru:
Wa alaikumus salam, Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba a manta ba. Golf 3 tana ja ne ta gaba, injinta a gicciye yake, sandar giyarta gajera ce kuma boris biyu ne ke riƙe da ita a cikin giyabos, ba ta buƙatar madogara a karanshaf. Motoci da yawa masu ja ta gaba haka suke, ko da yake ba duka ba.

Baban Amira, Tudun Wada:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe aka raba injin da giyabos ina tsaye. Bushin tagulla ne a ciki kamar yadda Baba ya faɗa, ya yi baƙi, bakinsa ya buɗe ta gefe ɗaya har ana iya gani da ido, ga garin tagulla ya taru a ƙasan ramin. Hancin sandar yana da zane guda da farce ke kamawa kaɗan, amma bai yi shuɗi ba. Wani abin da bakaniken ya nuna mini shi ne, cikin ƙusoshi biyu marasa zare da ke saita giyabos da injin, ɗaya babu shi, ramin ne kawai cike da ƙasa. Yanzu yaya za a cire tsohon ba tare da an ji wa karanshaf ciwo ba, kuma zanen nan zai hana a sa sabo?

Baba Tanimu, Ƙofar Doka:
To, ga abin da ya cinye maka bushi ta gefe ɗaya nan ka gano. Notuna ɗaurewa kawai suke yi, waɗannan ƙusoshi biyu su ne ke sa tsakiyar giyabos ta yi daidai da tsakiyar karanshaf. Idan ɗaya ya ɓace, giyabos yana zama a ɗan karkace ko da an ɗaure shi tam, kuma da boris mai allurai ne a wurin da tuni ya tarwatse. Kada a rufe motar nan sai an samo ƙusar an mayar, a kuma goge fuskokin biyu tas.

Cirewa kuma, kada a sa kurfi ko sukudireba a kwakwale, domin idan ramin ya sami rauni sabon ba zai zauna daidai ba. A cika ramin da giris har baki, a nemo sandar ƙarfe da ta shige bushin ba tare da wasa ba, a buga ta da guduma. Giris ɗin ba shi da wurin zuwa sai ya turo bushin waje. A ƙara giris a sake bugawa har ya fito. Jiƙaƙƙiyar takarda ko sabulu ma suna yin wannan aiki. Bayan nan a wanke ramin da fetur har ya bushe. Sabon bushin a jiƙa shi cikin man injin mai tsabta ya kwana, kada a cusa masa giris, domin giris yana toshe ƙofofin da Injiniya ya yi bayani. A shigar da shi a miƙe da abin da ya hau fuskarsa gaba ɗaya, da bugu mai sauƙi, zuwa zurfin da tsohon yake. Idan an tarar da 'yar roba a bakin ramin, ita ma a sa sabuwa.

Injiniya Sa'idu, Samaru:
Game da zanen, a goge hancin sandar da takardar yashi mai laushi ƙwarai da ɗan mai, ana zagayawa da ita, sannan a auna kaurinsa a wurare uku, gaba da tsakiya da baya. Idan awon ya zo ɗaya, tagulla za ta zauna da shi lafiya. Tazarar da ake so tsakanin bushi da sanda 'yar kaɗan ce, wajen milimita 0.05 zuwa 0.08, wato ya shige da hannu ya juya ba tare da ya yi kwal-kwal ba. A tuna cewa ramin bushin yana ɗan tsukewa bayan an buga shi cikin karanshaf, saboda haka a sake gwadawa da wata tsohuwar sandar giya irinta bayan an sa, ita ce kuma za a saita faifan kulochi da ita. Idan hancin ya rame sosai, masu injin juyi suna iya daidaita shi su yi bushi a kan sabon awon, amma sai da tagulla mai riƙe mai da kuma wuƙa mai kaifi, domin dakusasshiya tana shafe ƙofofin.

Musbahu, Muciya:
Na karɓi wannan, Baba da Injiniya, a sanda mai zane ba zan sa allurai ba. Abin da zan ƙara shi ne, tunda an riga an buɗe, a duba oyil sil na bayan karanshaf da na bakin giyabos, a kuma duba fuskar filawil. Wajen mayarwa kuma kada a ja giyabos da notuna idan ya ƙi shiga. Idan ya rage ɗan yatsa ya tsaya, hancin sandar ne bai sami ramin bushin ba, ja da ƙarfi yana murƙushe bakin sabon bushin tun kafin mota ta tashi.

Oga Lawal, Kwangila:
Haka ne. Kai kuma Baban Amira, idan ka shiga cunkoson Kwangila ko na PZ da lodi, ka riƙa mayar da giya firi ka ɗaga ƙafa, maimakon riƙe kulochi a ƙasa kana jira, domin a wannan riƙon ne failot da rilis boris suke ƙonewa.

Baban Amira, Tudun Wada:
In sha Allahu zan kiyaye. Mun auna ramin da hancin sandar, awon sandar ya zo ɗaya a wurare ukun bayan an goge ta. Gobe zan shiga Sabon Gari da tsohon bushin da mayen ƙarfe. Alhaji, idan akwai ƙusar saitin giyabos ta 504 a wurinku, ko da ta hannu ce, a taimaka a ajiye mini guda biyu, domin wadda ta rage ma bakinta ya ɗan daku.